Daga ƙauye nake, ina zan sami waɗanda suka daina giya mu zauna?

Admin:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani ɗan'uwa ya turo mini wannan saƙo ta bayan fage, ya roƙi a sa shi ba tare da sunansa ba. Zai riƙa amsawa da sunan Mai Neman Mafita. Dokar zaure tana nan: ba zagi, ba tambayar sunan gari, kuma duk wanda ya ɗauki hoton hirar nan ya kai wani wuri, zan cire shi, sauran kuma tsakaninsa da Allah.

Mai Neman Mafita:
Salamu alaikum. Shekarata 38, manomi ne ni, da rani ina acaba. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan giya. A wajen ci-rani na koya, na dawo gida da ita. A garinmu ba a sayarwa a fili, amma duk mai sha ya san hanya. Akwai rumfar burukutu a bayan kasuwar da muke ci ran Laraba, akwai kuma mai shagon da ke ɓoye giyar 'yar leda a ƙarƙashin kwalin taliya.

Na daina ya fi sau goma. Na dafa Alƙur'ani a gaban mahaifiyata. Na sha rubutu. A shekarun baya nakan yi azumi cur ban taɓa ba, ran salla da yamma in koma. Bara na sayar da buhu biyu na takin da na ci bashi, ina ji ina gani masarata ta yi ja. Amma abin da ya sa na rubuto shi ne makon jiya. 'Yata mai shekara tara ta kawo mini koko da safe, hannuna na rawa har ya zube a tabarma. Ba ta ce komai ba, ta durƙusa ta ce, "Baba, bari in riƙe maka." Ta riƙe mini kofin ina sha. Tun ranar ban iya haɗa ido da ita ba.

Na taɓa ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe waɗanda suka daina sha suna haɗuwa duk mako suna ƙarfafa juna. Akwai irin wannan a Arewa? Mutumin da ke ƙauye, tafiyar awa biyu zuwa babban gari, sabis ma sai ya hau tudun makaranta, yaya zai yi ya same su? Ba wa'azi nake gudu ba. Wanda ya taɓa shiga ramin nan ya fita nake nema.

Gaskiya Ɗaya:
Wane irin taro kuma? Malam, ka ji tsoron Allah kawai. Ka yi alwala ka tuba, ka riƙe salla cikin jam'i, shi ke nan. Kakanninmu da wane taro suka shiryu? Mu daina kwaso al'adun Turawa muna lulluɓe zunubi da sunan cuta.

Tsohon Direba:
Gaskiya Ɗaya, ka karanta saƙon kuwa? Mutumin nan ya rantse a gaban uwar da ta haife shi. Kana ganin bai san haramun ba ne? Ni na yi shekara ashirin da biyu ina sha, ina jan tirela tsakanin Kano da Legas, Allah ne kaɗai ya tsare ban kashe kowa ba. Yau shekarata tara rabona da ita. Ban taɓa buɗe kwalba ina zaton halal ce ba. Sau nawa na yi kuka a kan sallaya da asuba, kafin azahar na sake sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗana mai tambaya, ina wajen jana'iza yanzu, da dare zan rubuto maka yadda na yi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kafin a shiga maganar taro, ɗan'uwa, don Allah ka saurare ni, rawar hannun nan da safe ta tayar mini da hankali. Alama ce jikinka ya riga ya dogara da giya. Mai irin wannan hali ba ya dainawa dare ɗaya, shi kaɗai a ɗaki. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, ita kuma ƙwaƙwalwa ta saba da yunƙurowa don ta ture dannewar. Ranar da aka janye giyar gaba ɗaya sai ta zabura ba birki. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe ake fara rawar jiki, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Mafi hatsari yakan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu: zazzaɓi, ruɗewa, mutum ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. A ƙauye sai a ce aljanu ne, a rufe shi a ɗaki ana turare, alhali wannan yanayi yana kisa idan ba a kai asibiti ba. Na ga wanda aka kawo mana a amalanke bayan ya kwana uku a haka. Kuma wanda ya sha dainawa yana komawa, dainawar gaba takan fi ta baya wahala. Don haka kada ka auna da azumin da ka yi shekarun baya.

Ka je babban asibitin da ya fi kusa da kai, ka faɗa wa likita gaskiya: me kake sha, nawa a rana, yaushe ka sha na ƙarshe. Akwai maganin da ake bayarwa na kwanaki kaɗan ana ragewa a hankali, da bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa, sannan a duba hantarka. Kada ka saya a kemis da kanka, maganin kwantar da jijiya shi ma yana kama mutum, kuma haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka gaba: asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, ko asibitocin koyarwa irin na Shika da na Jos. Ba sai mahaukaci tuburan ke zuwa can ba. Kuma don girman Allah ka ajiye babur ɗin nan, kada ka ɗauki ɗan kowa har ka ga likita.

Mai Neman Mafita:
Na gode, Yaya. Wallahi ban san haka ba. Niyyata da in rufe kaina a ɗakin gona kwana bakwai, in ba ƙanena mukulli. Allah ya sa na tambaya.

Ɗan Ci-rani:
Abin da ka ji a rediyo sunansa Alcoholics Anonymous, ana taƙaita shi AA, wato mashayan da ba a bayyana sunansu. Ina Ingila, shekarata huɗu ina zuwa, ita ce hanyar da Allah ya fitar da ni. An fara shi a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Abin da nake so ka riƙe shi ne mutum biyu ne kacal suka fara: Bill Wilson, mai harkar hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata. Wilson ya yi 'yan watanni bai sha ba, ya je garin harkar kasuwanci, harkar ta watse, yana otal jaraba ta taso masa. Sai ya ga ba abin da zai tsare shi kamar ya sami wani mashayi su yi magana. Ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da likitan.

Zaman kansa ba wani abu ba ne mai wuya. Awa ɗaya ne. Sunan farko kawai ake faɗa. Kowa yana magana a kan kansa, ba a katse shi, ba mai yi wa wani faɗa. Ba kuɗin shiga, sharaɗi ɗaya ne, son daina sha. Abin da aka ji a ɗakin a nan yake tsayawa. Suna da matakai 12 da ake bi, na farko mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, a gaba akwai neman yafiyar waɗanda ya cuta da biyan haƙƙinsu. Sabon shiga yakan zaɓi wanda ya daɗe da dainawa ya riƙe hannunsa, ya kira shi ko da tsakar dare. Kuma ba a ce maka ka yi alkawarin har abada, na yau kaɗai ake riƙewa.

A Najeriya zaman da ake yi ido da ido yana manyan birane ne irin Legas da Abuja. Tun 2020 da korona ta rufe mutane a gida aka koma yin da yawa ta manhajar kiran bidiyo ta Zoom, ana samu dare da rana, ba sai ka buɗe kyamara ba. Sai dai duk waɗanda na shiga da Turanci ake yi, kuma suna cin data. Ba zan yaudare ka ba, ga mutumin ƙauye wannan ba ta cika zama mafita ba. Amma a ƙa'idarsu, mutum biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha sun isa su kira kansu rukuni, ba sai sun nemi izinin kowa ba. Suna ma da tsarin musayar wasiƙa ga waɗanda ke nesa da kowane zama, irin matuƙan jirgin ruwa. Ka ga damuwarka ba sabuwa ba ce.

Gaskiya Ɗaya:
To ai ga shi kai ma ka faɗa, Amurka. Ni na ji asalin abin daga coci ya fito. Sannan ina za ku kai hadisin da ya ce duk al'umma ana yafe mata sai masu bayyana saɓonsu? Allah ya rufa maka asiri, kai kuma ka tara mutane kana tonawa?

Ɗan Ci-rani:
Gaskiya ne, waɗanda suka fara sun fito daga wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Oxford Group, daga baya suka ware, suka ce kowa ya dogara ga Ubangiji yadda ya san shi. Ni Allah ɗaya nake nufi idan na zauna, ba wanda ya taɓa tambayata. Musulmi a birnin Baltimore na Amurka ma sun kafa nasu a 1989, Millati Islami, suka daidaita matakan da Alƙur'ani da hadisi. Maganar bayyana saɓo kuwa na bar wa malamai.

Malamin Zaure:
Tambayar Gaskiya Ɗaya tana da nauyi, kada a yi masa ca. Hadisin ingantacce ne. Amma a karanta shi har ƙarshe. Misalin da ya zo a cikinsa shi ne mutumin da ya yi saɓo da dare, Allah ya rufe shi, gari ya waye ya ce wane, jiya na yi kaza da kaza. Wannan taƙama ce da rashin kunya. Malamai sun bambanta shi da wanda ya faɗi laifinsa don neman fatawa ko magani. Ba wani mutum ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa na halaka, don ya kusanci iyalinsa da rana a watan azumi ba? An ce masa me ya sa ka tona kanka? A'a, an nuna masa mafita, har ya tafi da dabinon da zai ciyar da gidansa.

Kan giya kuma akwai wanda aka sha kawowa ana yi masa hukunci, wani ya tsine masa ya ce sau nawa ake kawo shi. Manzon Allah ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku zama masu taimakon Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ni wannan ce take tsorata ni. Mu da muke kan mumbari mun iya faɗin haramun, kuma wajibi ne mu faɗa. Amma in mutum ya zo ya ce Malam na sani, na kasa, me muke ba shi? Sau da yawa ba komai, sai mu ƙara masa aya mu sallame shi, ya koma wajen waɗanda ba su taɓa korar sa ba, wato abokan sha.

Allah da kansa bai sauke haramcin giya rana ɗaya ba. Aya ta 219 a Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta, ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofa. Hukunci ya tabbata, ba mai sake buɗe shi, amma wannan ya nuna Mahalicci ya san yadda abin yake kama mutum. Batun asalin dabara kuwa, ramin da aka haƙa a yaƙin Handaƙ shawarar Salmanul Farisi ce, dabarar Farisawa.

Abin da nake gani: zaman ya halatta, har ma taimakekeniya ce a kan alheri. Sharaɗina, kada a mai da shi hirar daɗin sha, kada a ambaci sunan wanda ba ya wurin, maza su zauna da maza, mata da mata. Kuma ɗan'uwa, maganar malamar asibiti ka ɗauke ta da gaske, jefa kai ga halaka shi ma haramun ne.

Gaskiya Ɗaya:
Allah gafarta Malam, na ji. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta da kiran abin cuta ba, amma ba zan ja da hadisi ba. Mai tambaya, ka yafe mini kaushin harshe.

Mai Neman Mafita:
Ba komai, ɗan'uwa, Allah ya yafe mana. Allah ya saka wa Malam. Amma ga inda gizo ke saƙar. Garinmu in ka yi tari a gabas, na yamma zai ce maka sannu. Ina da 'ya'ya mata uku, gobe za a zo binciken aure. Jiharmu kuma akwai Hisba. In na zauna da wani sau biyu a keɓe, za a fara tambayar me muke ƙullawa. Wayata ma a shagon caji take wuni, yara suna latse-latse. Da wa zan fara, kuma a ina?

Tsohon Direba:
Na dawo. Ɗana, zan yi maka tambaya ɗaya, kada ka amsa a nan, ka amsa wa kanka. A rumfar nan da kake zama, wa ya ɓace? Wanda a da kullum yana nan, yanzu ba ya zuwa, bai mutu ba, bai bar gari ba. Shi kake nema. Masu sha sun san juna, waɗanda suka daina ne ba su san juna ba, don kowa ya shige ɗaki da asirinsa.

Ni nawa wani tela ne a garin da ke gaba da mu. Mun yi shekaru muna zama benci ɗaya, sai na daina ganinsa. Bayan an sallame ni daga asibiti idona ya yi rawaya da ciwon shawara, na ɗauki yadi na kai masa ɗinki. Yana auna ni na ce masa a hankali, yaya ka yi? Ya ajiye abin awo, ya sauke labule, ya ce zauna. Daga ranar duk ran kasuwa ina shagonsa daga la'asar zuwa magariba. Wa zai tambayi dalilin zaman mutum a shagon tela ran kasuwa? Ba mu san wani AA ba. Abu uku muke tambayar juna: ka sha a makon nan? Yaushe ta fi matsa maka? Me za ka yi in ta dawo?

Ka lura da lokacinka. Kowane mashayi yana da lokaci. Nawa daga la'asar sakaliya ne zuwa isha, a nan ƙafata take jan ni da kanta. Ba giyar kaɗai ka saba da ita ba, ka saba da majalisar, da dariyar, da wurin da ba a kallonka a wulaƙance. In ka cire wannan ba ka sa wani abu a gurbinsa ba, kaɗaici zai mai da kai. Shi ya sa rantsuwarka goma ta karye, kai kaɗai ka yi ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun yi alama ni da telan: filashin biyu a jere yana nufin ina cikin hatsari, ɗayan ya kira nan take ko yana ina. Kafin a sha ake kira. Na canza hanyar komawa gida, ina zagaye mai nisa don kada in bi ta gaban wurin. Ran da na sami kuɗi, gida nake fara kaiwa, in bar na goro kawai a aljihu. A wata na bakwai na koma gidan jiya, kwana huɗu ina sha. Telan ya hau keke ya zo har ƙofar gidana, bai zage ni ba, ya ce tashi mu sake ƙirga daga ɗaya. Ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Kafin ya rasu mun kai mu shida.

Ɗan Filato:
Ni Kirista ne, daga wani ƙauye a Filato, bari in sa baki don ciwon ɗaya ne. Mu namu ya bambanta da naku, a wajenmu ba ɓoyewa ake yi ba. Burukutu tana wajen gayya, tana wajen biki, tana wajen makoki. In dattijo ya miƙo maka ƙwarya ka ƙi karɓa, ka raina shi. Ga kuma goskolo, wata barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, da ta addabi matasa a Jos da kewaye, mun binne yara da yawa da kumburin ciki. Ku kunya ce ke hana ku neman taimako, mu kuma wanda ya daina ne ake yi wa kallon baƙo.

Mu huɗu muka fara a zumuntar maza. Abin da faston ya yi mana da ba zan manta ba, ya ba mu mukullin ƙaramin ɗakin da ake ajiye kujeru, ya ce ni ba zan shiga ba sai kun kira ni. Da ya zauna a ciki da kowa ya yi shiru. Yanzu akwai Musulmi biyu daga unguwar kasuwa da ke zuwa, saboda su muka koma yin zaman a ƙarƙashin mangwaro a gonar ɗayanmu. Kowa ya yi addu'arsa a zuci kafin a fara. Wajen gayya kuma da gorar kununa nake zuwa, hannuna a cike, ba mai miƙo mini komai.

Malamin Zaure:
Wannan dabara ta ba da mukulli a koma gefe, na ɗauka. Ina da zaure da ba kowa bayan isha.

Uwargida:
Ku ba ni dama in yi magana a madadin matan da ke bayan labule. Shekara goma sha huɗu ina zaune da mai sha. Malam mai tambaya, matarka ta sani. Kanumfari da goro ba sa ɓoye komai ga wadda ke wanke maka riga. Abin da ke kashe mu ba sanin ba ne, shi ne a mai da mu wawaye, mu ma mu riƙa yi wa dangi ƙarya cewa zazzaɓi ne. Ranar da maigidana ya zauna ya ce mini na kasa, ki taimake ni, ranar na fara barci. Ni na raka shi asibiti, ni nake riƙe kuɗin amfanin gona, da yardarsa.

Amma in faɗa wa 'yan'uwana mata, ba ke kika sa shi sha ba, ba kuma ke za ki iya hana shi da ƙarfinki ba. In yana duka, ki kai ƙara wajen manya, ki tsare kanki da yaranki, haƙuri bai ce a zauna a karye ba. Mu ma muna buƙatar wadda za mu faɗa wa. Kuma akwai mata masu sha a cikin gidaje, da masu shan maganin tari da ƙwaya, su ko shagon tela ba su da shi.

Ɗan Ci-rani:
Hajiya, abin da kika faɗa shi ya sa matar Bill Wilson, Lois, ta haɗu da wata suka kafa Al-Anon a 1951, zaman iyalan mashaya zalla. Mata biyu a tsakar gida sun isa su fara.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Gargaɗi ɗaya kan salula. Mun taɓa buɗe rukunin WhatsApp mu takwas, bai yi wata biyu ba wani ya tura muryar wani waje, har ta kai ga surukansa. A WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, saƙon murya kuma ba ya mutuwa. Yanzu kira muke yi kai tsaye, a gama a kashe, ba abin da ya rage a waya. In za ka kai caji, ka sa mata mabuɗi ko ka cire layin. Kuma kada a shigo da sabon mutum sai kowa ya yarda. Mu ma nan sai da kowa ya fara zuwa likita, kamar yadda malama ta ce.

Ɗan Birni:
Ni a ganina a kai shi gidan mari wata uku, zai dawo garau.

Ma'aikaciyar Jinya:
A'a, don Allah. Ka manta abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019? Ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo. Bayan nan aka bankaɗo irinsu a Daura da Katsina da Zariya. Mutumin da zai iya faɗuwa yana jijjiga a kwana na biyu, ka ɗaure shi inda ba likita? Sarƙa tana hana ƙafa zuwa, ranar da aka kwance ta mutum yana fita da jarabarsa har da ƙarin ƙiyayya. Wanda yake son mai ba da shawara a hukumance, ofisoshin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na jihohi suna da sashen nasiha da farfaɗo da masu shaye-shaye, ba kame kaɗai suke yi ba. A asibiti kuma ka tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a ko nas ɗin sashen ƙwaƙwalwa, su suka san waɗanda aka sallama daga yankinku, suna iya tambayar wani ko ya yarda a haɗa ku.

Maganar 'yar leda kuma, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sanar da hana ta da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba a farkon 2024, amma ga shi har yanzu tana ƙarƙashin kwalin taliya. Arharta da sauƙin ɓoye ta a aljihu su ne masifar. Kada ka jira a rufe shagon, kai ka daina bi ta gabansa.

Admin:
Mutum biyar sun yi mini magana ta bayan fage, kowa yana cewa halinsa ɗaya da mai tambaya. Ba zan ba kowa lambar kowa ba sai ɓangarorin biyu sun yarda. Tsohon Direba ya amince a riƙa kiransa.

Mai Neman Mafita:
Salamu alaikum. Yau kwana ashirin da shida da rubutuna na farko, na ga ya kamata in dawo. Na faɗa wa matata a daren da Hajiya ta yi magana. Ta ce shekara tara ke nan da ta sani. Ta sayar da akuyarta, ƙanena ya kai ni babban asibiti a babur. Kwanana biyar. A dare na biyu na ga abubuwa suna tafiya a jikin silin, na yi ta ihu, ba don ina wurin ba da ban san yadda za ta ƙare ba. An ce hantata ta taɓu amma ba ta lalace ba, in koma bayan wata ɗaya.

Baba Direba, na yi tunanin tambayarka. Akwai wani mai faci a bakin kasuwa da ya daina zuwa rumfa kusan shekara biyu. Na sace iskar tayata da kaina na tura masa babur. Na tsaya har ya gama, bakina ya ƙi buɗewa, na biya na tafi. Laraba ta biyu na sake komawa. Yana duba tayar ya ce, wannan ba ta da huji. Sai na ce masa yaya ka yi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya jawo mini benci. Ya ce tun da ya daina bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma har yau in ya ji warin tsimin dawa jikinsa yana tsuma.

Kwanana ashirin da ɗaya ban sha ba. Barci har yanzu sai a hankali, la'asar kuma tana yi mini tsawo. Jiya na sha koko da hannuna. Tambayata yanzu: akwai wani yaro ɗan acaba da ya gan mu zaune, ya ce yana so ya shigo, amma yana sha har yanzu, kuma bakinsa ba shi da linzami. Mai facin ya ce a'a. Ni kuma tausayinsa nake ji.

Tsohon Direba:
Alhamdu lillahi, ɗana. Kada ka karya maganar mai faci, asirinsa ne shi ma, kuma ku biyun ba ku yi ƙwari ba tukuna. Amma kada a kori yaron. Ku ba shi lambata, ni ba garinku nake ba, ba abin da zai tona. In ya yi wata yana kira, ya je asibiti, sai ku sake shawara. Kai kuma ranar komawarka asibiti kada ta wuce ka. Laraba bayan la'asar ka hau tudun makarantar nan, zan kira, ka sa mai facin a kusa mu gaisa.